Hutun Auta

Ranar da likitocin ido suka sauka Tawa, Haula ta tashi da wani fushi da ta rasa inda za ta ajiye shi. Ta wanke wa mahaifiyarta fuska, ta shafa mata mai, ta ɗaura mata kallabi, ta dama fura ta sa mata ludayi a hannu. Inna Hajaratu kuwa tana zaune bisa tabarma, ta karkata kunne wajen ƙofa. Duk babur ɗin da ya rage gudu a bakin layi sai ta ɗaga kai.

"Shi na?"

"Ba shi ba na, Inna. Kabu-kabu na. Sha hurarki."

Wanda ake jira Abdurazak ne, autan Inna, ƙanen Haula, ma'aikacin wani kamfanin fiton kaya a Abijan. Yaron kirki ne a bakin kowa, don yana aiko da atamfa lokacin Sallah, yana buga waya ranar Juma'a, kuma in ya buɗe baki sai ka rantse da zuma ya karya kumallo. Haula ita ce ƴar fari, wadda Inna ko sunanta ba ta kamawa saboda kunya, sai dai ta ce "ke". Tun da yanar ido ta rufe wa tsohuwar gani, "ke" ɗin nan ce ta je Barmu ta kwaso ta da ƴan komatsanta ta kawo ta gidanta. Da can Haula cuku, busasshen nonon nan na makiyaya, take sarowa a kasuwannin Takanamat da Tebaram ta kawo tasha, tana da masu saye har cikin direbobin Yamai. Duk ta ajiye, don ba ta iya barin Inna ita kaɗai da murhu da bakin rijiya.

Likitocin nan ba kullum suke zuwa ba. Sukan zo sau ɗaya a shekara, su yi ƴan kwanaki suna cire wa tsofaffi yana kyauta, su naɗe kayansu su wuce. Majo Ramla, ma'aikaciyar asibiti da ke makwabtaka da su, ta sanar da Haula lokacin tun damina ba ta ɗauke ba. Haula ta shigo da murna ta faɗa wa Inna, Inna ta kafa sharaɗinta.

"Ba ni kwantawa a sa mini wuƙa ga ido ba Auta tsaye kaina. In anka buɗe kuma, shi nika so in hwara gani."

Haula ta haɗiye wannan maganar kamar yadda ta saba haɗiye irinta. Ita mai wankin zane da zubar da fo, ba fuskarta ake marmarin gani ba. Amma ta ce ba komai, in dai idon zai buɗe, ko fuskar jaki Inna ta ce za ta fara gani sai ta je ta aro shi. Ta kira Abdurazak ta faɗa masa watan da makon. Ya ce ai magana ta ƙare, zai ɗauki konjensa, wato hutunsa na aiki, daidai lokacin, ya haɗa da wallahi har da tallahi.

To ga likitoci sun sauka, Auta ko ƙeyarsa. Wayarsa kuma tun shekaranjiya a kashe.

Da hantsi Huseina, matar gidan da ke kallon nasu, ta shigo da waya a hannu, tana dariyar da ba ta iya riƙewa. Ta ja Haula bayan ɗakin girki don kada tsohuwa ta ji.

"Ke, duba ƙanenki. Wanga wuri ina na?"

Haula ta karɓi wayar. Ga Abdurazak nan kwance bisa wata doguwar kujera, da ɗan gajeren wando wanda ko yaron goye aka sa wa sai an yi magana, da baƙin tabarau, yana zuƙar ruwan kwakwa da tsinke. Bayansa ruwa ne shuɗi iya ganinka, gabansa farin rairayi. A ƙasan hoton ya rubuta da Faransanci cewa ya iso aljannar duniya.

Jama'a, ku ji fa. Ɗan Adar, wanda aka haifa cikin rairayi, ya yi rarrafe cikin rairayi, rairayi ya cinye rabin gonar ubansa a Barmu, shi ne ya hau jirgin sama ya sauka ya hau na ruwa don ya je ya kwanta a rairayi. Rana kuma, wadda in ta take a Tawa ko ƙadangare sai ya nemi inuwa, ita ya tuɓe riga ya je nema. Haula ta ji kanta ya yi zafi har kunnuwanta na ƙara. Ta miƙa wa Huseina wayarta da sauri, don ta san in ta ƙara kallo sai ta maka ta da bango, kuma ba tata ba ce.

Sai bayan azahar ta same shi. Muryarsa tana zuwa tana yankewa, ga wani ƙugi a bayansa.

"Yaya, don Allah ki saurara. Abokan aikina na buro na sunka shirya tahiyar, wani ɗan tsibiri na cikin teku, irin damar ga ba ta zuwa sau biyu. Na lissahwa komi. In yi ƴan kwanaki nan, in wuto Tawa kai tsaye."

"To wuto. Likitoci sun zo."

"Matsalar bato ta, Yaya, jirgin ruwan. Ba kullum shika zuwa ba, kuma teku ya ɗan tashi. Amma in sha Allahu kahin su tahi ina nan."

"Abdurazak, uwarka na zaune tana ƙidayar babura. Ni nib bar sana'ata, nib bar kowa, kai ko konje guda anka ce ka ba ta, kat tahi ka kai ma kihi? Wa kaka da shi can? Kakanka na can bisne? Ko ciniki kat tahi?"

"Hutu na, Yaya. Mutum na bukatar hutu."

Ta buɗe baki za ta ba shi amsar da ta dace da shi, layin ya yanke. Ta tsaya riƙe da waya tana huci. Daga baya ta tura masa saƙon murya ta ce tunda jikinsa ya fi ƙarfin zuwa, to ya aiko da bakinsa, ya ce wa Inna ta yarda a yi aikin. Wannan kam ya aiko, don magana ba ta taɓa yi masa wuya ba.

Washegari ta lallaɓa Inna da cewa dubawa kawai za a yi. Harabar asibiti ta cika maƙil. Tsofaffi daga ƙauyuka, wasu da rawani har hanci, wasu da ƴan ƙullin gari, kowa da mai ja masa sanda. Waɗanda aka yi wa jiya suna jere a inuwa ana kwance musu bandeji. Wani dattijo daga Takanamat da aka buɗe wa ido ya ƙura wa matarsa kallo, ya ce ashe haka ta tsufa ba wanda ya gaya masa, wurin ya kwashe da dariya, matar tana dariya tana share hawaye da bakin mayafi. Haula ba ta yi dariya ba. Kishi ne ya kama ta, kishin mutanen da ba ta ma sani ba.

Da layi ya zo kansu, likita ya haska idanun Inna ya daɗe yana dubawa, sannan ya yi magana, Majo Ramla ta juya musu da Hausa. Na hagu ya riga ya tafi, ba abin da za a yi masa. Na dama yana da rai, in an cire yanar yanzu za ta gani sarai. Amma yanar ta nuna ƙwarai, in aka bar ta har baɗi ba wanda zai yi musu alkawarin komai.

"Kin jiya, Inna?" in ji Haula. "Yau na ko gobe. Ki yarda."

"Auta ya zo?"

"Shina hanya. Ga saƙonai ma, saurara."

Ta kanga mata wayar a kunne. Muryar Abdurazak ta fito da taushinta, yana cewa Innata ki yi haƙuri, ki yarda a yi, ina tare da ke a zuciya. Fuskar tsohuwar ta washe. Ta ce a maimaita, aka maimaita.

"Wanga ƙugi da nika ji bayanai, mi na?"

"Teku na."

"Allah sarki. Teku." Ta yi murmushi, ta gyara zama. "To, mu jira shi."

"Inna, shi da bakinai ya ce ki yarda!"

"Na jiya. Murya ta, ba hannu ba. Wa za shi riƙe ni?"

Haula ta dubi hannuwanta biyu, waɗanda tun daga gida suke riƙe da tsohuwar. Ta durƙusa a gaban mutane ta roƙa. Ta haɗa ta da Allah, ta haɗa ta da Annabi, ta haɗa ta da kabarin mahaifinsu. Majo Ramla ta sa baki, wata tsohuwa mai bandeji ta ce wallahi ko cizon sauro ya fi shi zafi. Inna ta kama bakin benci da hannu biyu ta ƙanƙame, ta ce ita ba ta ƙi ba, jira kawai take. Likita ya ɗaga kafaɗa, don ba a yi wa mutum aiki da ƙarfi, ya ce a shigo da na gaba.

Haka suka yi ta zarya har ranar ƙarshe. Kullum Haula ta yi mata wanka ta kai ta, kullum su dawo yadda suka je. Ranar da motocin likitoci suka kama hanyar Yamai, Haula tana tsaye bakin titi da Inna a hannu, ta bi su da kallo har suka ɓace. Ba ta yi kuka ba, fushin ya ƙone hawayen. Da suka koma gida ta daka gero har sai da Huseina ta leƙo ta zaure ta tambaya ko turmin ya yi mata laifi.

Abdurazak ya iso bayan kwana biyu, da rana tsaka, da jakar taya da wata hular kaba mai faɗi irin ta masu yawon buɗe ido. Ya yi baƙi, hancinsa na saɓa. Ya zube gaban Inna, ta shafa kansa, ta shafa fuskarsa, tana cewa ya rame, alhali wuyansa har ya yi ninki. Kafin a jima mata sun cika tsakar gida, ana ta barka da zuwa, ana satar kallon jaka. Haula ta kawo ruwa ta dire, ta koma bakin murhu ta zauna, don ta yi wa kanta alkawari ba za ta tona wa gidansu asiri gaban baƙi ba.

Shi kuwa ya samu fili, ya shiga ba da labari.

"Inna, ɗan wuri na, bai kai Barmu girma ba. In ka kama bakin ruwa da sahe, kahin rana ta yi zahi ka dawo inda kat tashi. Babu mota, babu ko jaki. Ruwan kuwa, kana tsaye cikinai har ƙirji kana ganin yatsun ƙahwarka, kihi ja da ɗorawa suna gilmawa. Kwakwa na hwaɗowa ba mai ɗauka. Da marece masunta su gasa maka kihi nan bakin ruwa, ka ci har ka ture."

"To mi kuka yi can?" in ji Huseina. "Aiki?"

"Babu. Ka kwanta, ka tashi, ka yi wanka, ka koma ka kwanta."

"Ba dangi, ba kasuwa, ba wani malami da aka ziyarta?"

"Gani kawai."

Mata suka tafa hannu suna salati. Ya ce ai ba su ji komai ba. Akwai kunkuru manya, kowane ya kai faifan tuwon biki, suna fitowa daga teku su haƙa rami su yi ƙwai. An hana kowa taɓa su, har masu gadi aka ɗauka suna tsaye kansu har su gama.

"Gadin kunkuru!" in ji wata. Aka sake fashewa da dariya.

Haula ta tura itace cikin wuta da ƙarfi har tukunya ta girgiza. Wato kunkuru ma ya samu mai tsaya masa. Abdurazak ya zuge jaka ya fito da wani ƙaton kodi, ɓawon katantanwar teku, mai ruwan hoda, ya kanga wa Inna a kunne, ya ce ta saurara, tekun ne ya taho mata da shi. Tsohuwar ta rufe makafin idanunta tana gyaɗa kai, ta ce wallahi ga shi nan, kamar tana gani.

Wannan "kamar tana gani" ita ta tsinke igiyar. Haula ta daure har mace ta ƙarshe ta sa takalmi ta fita, sannan ta miƙe ta tsaya kansa.

"Ka gama? To ni in ba ka nawa labari. Likitoci sun zo, sun tahi. Tsohon da ag girme ta sun buɗe mai ido, ya koma ƙauye da ƙahwatai ba mai ja. Uwarka ido guda ya rage mata, sun ce baɗi ba su da tabbas. Kai kana can kana kallon yatsunka cikin ruwa. Ka kawo mata kodi ta ji teku! Ta ji shi ta yi mi da shi? Shi za ya nuna mata hanyar bayan ɗaki?"

"Yaya, bato na..."

"Kak ka sake ce mini bato! Bato ya ɗauke ka daga Abijan da ƙarhi? Kai ba ka da kunya, ba ka da tsoron Allah, bakin daɗi kawai anka ba ka. Ka rantse mini, Abdurazak. Ka rantse!"

Ya sunkuyar da kai yana juya hular kaba a hannu. Can ya ɗago, ya yi magana a hankali, irin ta wanda ya san yana da mafita.

"Ni ban tahi da kaina ba, Yaya. Sai da nit tambayi Inna. Kahin in yanki tike na kira ta, kina kasuwa sayen cehwane, Huseina ta ba ta waya. Na ce mata ga tahiya ta samu, amma tana iya cin kwanakin likitoci. Ta ce in tahi."

Haula ta juya a hankali ta dubi mahaifiyarta. Inna tana zaune da kodi a cinya, tana shafa bayansa da babban yatsa.

"Inna. Gaskiya na?"

"Ni nic ce shi tahi."

"Kin san kwanakin na iya kubcewa?"

"Na sani. Na ce ko Allah ya sa shi samu duka biyun."

"Kika bar ni ina jan ki lopital wajen likitoci kullum? Ina durƙuso gaban mutane kamar mai bara? Kika bar ni ina zagin yaron ga cikin raina dare da rana, ashe ke kinka sallame shi?"

"Yaron ga tun da yag gama karatun lakkol shika aiki garin mutane," in ji Inna, ba ko ɗar a muryarta. "Bai taɓa hutawa ba. In hana shi don ido? Ido nawa na."

"Naki na, amma ni ka ɗaukar shi! Ni hwa, Inna? Ni yaushe nih huta?"

Tsohuwar ta juyo da fuska wajen muryar, da mamaki na gaskiya, ba na gatse ba, ba na mugunta ba. Da ma da mugunta ta faɗa da ya fi sauƙi.

"Ke ai kina gida."

Haula ta ji maganar ta shige ta ta zauna. Ta so ta yi ihu, ta so ta ɗauki kodin nan ta rotsa shi a turmi, amma ta ga ko ta yi ba wanda zai gane abin da ya fashe. Su biyun suna zaune gefe da gefe, uwa da autanta, kowane da fuskar wanda bai yi laifi ba. Inna tana tsoron wuƙa ta samu inda za ta laɓe, shi yana son yawo ya samu wanda zai sa masa albarka, ita kuma aka bar ta da wahalar da haushin duka.

Aka kira la'asar a masallacin layi. Inna ta ajiye kodi, ta miƙa hannu gefen dama, a sama, ba ta ko kira kowa ba, tana jiran a ɗaga ta a kai ta alwala. Haula ta tsaya tana kallon hannun yana lilo. Sannan ta kama wuyan hannun Abdurazak ta ɗora cikin na Inna.

"Buta na bayan randa. Ruwan ɗumi taka so, ba sanyi ba. In kun kai ƙohwar bayan ɗaki akwai tudu, sai ka hwaɗa mata. In ta gama ka wanke wurin. Tuwo na bisa wuta, in ka bari ya kama ba ta ci."

"Yaya, ina za ki?"

"Gobe kasuwa ka ci arewa, akwai mota da marece. Konjenka bai ƙare ba, ko? To kai ma ga ka gida."

Ta shiga ɗaki ta jawo tsohon kwandonta na cuku daga ƙarƙashin gado, ta kakkaɓe ƙurarsa, ta yafa mayafi. Tana cikin zaure ta ji kwano ya kife, ta ji ƙafa ta yi karo da turmi, ta ji Inna ta ce wash, sannan ta ce, "Ba komi, Auta, ba komi, ni ban ɗaga ƙahwa ba." Jikin Haula ya juya da kansa zai koma, don ya saba. Ta kama ƙyauren zaure ta riƙe gam har ya bari. Sannan ta ɗora kwando a ka, ta fita ta nufi tasha.